Kallabi a Wuyan Namijin Gwanda

Alhamis ce da dare, wato daren Juma'a a lissafinmu na gida, jim kaɗan bayan sallar isha'i, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare. Muna zaune a kicin ɗin gidanmu na cikin gari, kusa da Ƙofar Mazugal. Akwai Iya, kakarmu ta wajen uba. Akwai Umma, mahaifiyata, tana kankare tukunyar tuwo. Akwai ƙanwata Bilki, sai ni. Baba yana kan benci daga bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar kwano, domin ruwan da ake yi ya hana shi fita hirar ƙofar gida. An ɗauke wuta tun la'asar, hasken da muke da shi na murhu ne kawai, inda Iya ta jera masara a kan garwashi.

Ni ban ci tuwon kirki ba a daren. Da magariba Baba ya riga ya yanke magana: gobe da safe, kafin ya yi shirin masallaci, zai sare gwandata.

Bari in ɗan koma baya, don a san yadda aka yi yaro ɗan shekara tara ya mallaki bishiya a gidan ubansa. Tsakar gidanmu ba ta da faɗi. In aka shanya wanki sai mutum ya sunkuya zai wuce. Amma akwai wani ɗan lungu tsakanin randuna da katangar da ta raba mu da maƙwabta, inda ba a yi daɓe ba. Ƙasar wurin baƙa ce, saboda shekara da shekaru ana zubar da toka da ruwan wanke-wanke. Nan Iya take shuka yakuwa da kuɓewa duk damina. Irinta a cikin wani ɗan gora take ajiyewa, ta gauraya shi da toka don kada ƙwari su ci, ta toshe bakin da tsumma. Da gwiwoyinta suka fara hana ta durƙuso, sai ta ce ta ba ni gadon gonar tun tana raye.

"Maigida," haka take kirana, irin wasan nan na kaka da jika, "tunda ba ka iya cefane ba, sai ka noma mana kayan miya. Mijin da ba ya kawo komai, korarsa ake yi."

Na ɗauki abin da gaske. Duk abin da aka yanka a gidan, in dai da 'ya'ya a cikinsa, sai na tsince su na shanya a kan murfin kwano. Kuɓewa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Alayyahu ya fito har inda ban shuka ba. Tumatir na rene shi a gwangwanayen madara, ya tsiro gwanin sha'awa, kajin Umma suka gama da shi a hantsi ɗaya ina makaranta. Na sake shukawa, na kewaye da ƙaya. Wannan karon ya girma har ya yi 'ya'ya, sai ruwa ya yi masa yawa, suka tsattsage suka ruɓe a jikinsa. Attaruhu ya murɗe ganye ya tsaya cak, bai mutu ba, bai yi gaba ba. Kankana kuwa ta yi yaɗo har ƙofar banɗaki, ta ba ni ɗa guda kamar ƙwallon roba. Da aka fasa, cikinsa fari fat. Bilki ta daɗe tana yi mini dariya a kan wannan.

Gwanda ce abin alfaharina. Baba tela ne, shagonsa na bakin titi, kuma wani mai kawo masa ɗinki ne ya yi masa tsarabar gwanda ja, mai zaƙin da ban taɓa shan irinsa ba. Na wanke 'ya'yan, na murje santsin jikinsu da toka kamar yadda Iya ta nuna mini, na shanya a inuwa, na shuka ana ƙarshen sanyi. Sun tsiro da yawa. Ƙadangaru suka ci rabonsu, zafin bazara ya ɗauki nasa, wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta share saura. Guda ɗaya ta tsira, ita ma don na kife mata kwandon kaji. Duk bazarar nan a gindinta nake alwala, har na koma ina sabunta alwala ko da ba ta karye ba. Umma ta ce wannan ba ibada ba ce, ban-ruwa ne. Kafin damina ta yi nisa, gwandar ta wuce tsawon Baba.

Sai ta yi fure. Ranar da na gani na ruga na kira kowa. Amma furannin ba a manne da jikinta suka fito ba. Wasu dogayen rassa ne sirara kamar igiya suka zubo ƙasa, kowanne ɗauke da ƙananan furanni farare masu ƙamshi da yamma. Baba ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Kash! Namiji ne." Ya yi mini bayani a tsanake: gwanda akwai mace akwai namiji. Macen ce take yin 'ya'ya a wuyanta, namijin kuwa fure zai yi ta yi har ya tsufa.

Ba mugunta ce ta sa ya ce zai sare ta ba, ko da yake a lokacin haka na ɗauka. Katangarmu ta ƙasa ce. Ruwan da nake ɗurawa a lungun, ga na sama ya ƙaru a kai, ya sa gindinta ya jiƙe har yaɓen ya fara zubowa. A daminar da ta gabata wata katanga ta faɗi a bayan layinmu, Allah ya kiyaye babu kowa a kusa. Baba ya ce da itacen zai ba da 'ya'ya, da ya san dabarar da zai yi, amma ba zai sa gida cikin haɗari saboda fure ba. Magana ce mai hujja. Ko yau aka kawo mini ita ba zan iya rushe ta ba.

Na kai ƙara wajen Iya ina kuka, na ce ta hana shi, ai ɗanta ne. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Wa? Ni ban san wanda kake faɗa ba."

Abin da ban gama fahimta ba a lokacin shi ne, Baba ɗan farinta ne. Iya jinin Fulani ce, irin waɗanda suka daɗe da zama a gari amma ba su saki alkunya ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. A hannun kakarsa ma ya tashi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan" ko "mutumin soro". In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa, takan amsa tana duban bango, kamar bangon ne ya gaishe ta. Ƙannensa kuwa tana kiran sunansu, ta yi musu tas in sun yi ba daidai ba. Saboda haka, cewa ta tsaya gaban Baba ta hana shi wani abu, tamkar na ce ta tashi ta yi rawa a tsakar gida ne.

A haka muka zauna a kicin a daren nan. Iya tana juya masara da yatsunta kamar ba wuta ba. Tatsuniya a gidanmu ba kullum ba ce, sai ta ga dama, kuma tana da yadda take buɗe ta, nata na kanta.

"Ga wata baƙuwa nan a soro," in ji ta, "ruwa ya dake ta."

"A shigo da ita ta ji ɗumi!" Bilki ta amsa da ƙarfi. Ni kuwa na kau da kai.

"Au, Maigida yaji ya yi? To, baƙuwa ba ta shiga gida sai da izinin maigida. Sai ta kwana a soro."

Na ce a ciki-ciki, "Ta shigo."

Na lura da abu ɗaya. Iya mai magana ƙasa-ƙasa ce, sai mun matso muke jin ta. A daren nan kuwa ta ɗaga murya yadda duk da ƙarar ruwa a kan kwano, wanda ke bakin ƙofa ba zai rasa kalma ɗaya ba.

Ta ce a wani gari an yi wani mutum, ana ce masa Na-Tsaye, domin bai iya zama ya jira komai ba. Abinci a tsaye yake ci, gaisuwa a tsaye. Wata rana ya tsinci iri a hanyar kasuwa, bai san na mene ne ba, ya shuka a bayan ɗakinsa. Bishiya ta fito kyakkyawa, mai faffaɗan ganye. Kullum da safe sai ya je gabanta ya riƙe ƙugu, ya ce, "Ke, ina 'ya'yan?" Bishiya ta yi shiru. In iska ta kaɗa sai ganyen su ɗauki waƙa, kuma a nan Iya takan siranta murya:

"Na-Tsaye, juya baya,
Kunya nake ji, juya baya."

Shi kuwa ba ya jin yaren ganye.

Ashe bishiyar ta riga ta haifi ɗanta na fari, guda ɗaya tak, ta ɓoye shi can ƙurya, ta lulluɓe shi da ganyenta mafi faɗi. In rana ta take, duk inuwarta can take karkatawa. In tsuntsaye suka sauka suka ce, "Ɗan wa muke jin ƙamshinsa?" sai ta ce, "Ni ban san shi ba, ku tambayi tsamiya." In gari ya yi shiru kuwa, sai ta tattara duk ruwan da saiwarta ta sha ta tura masa, sauran rassa su kwana da ƙishi.

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta zo wucewa, ta tarar da Na-Tsaye yana yi wa itace tsawa. Ta ce, "Bawan Allah, wannan ai kunya take ji, ka tsare ta da ido kanta ba ɗankwali. Samo mata abin rufe kai, ka ba ta baya zuwa kaka." Ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai yi wa itace sutura. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gatari. Da bishiyar ta faɗi, sai ga ɗan ya gangaro daga cikin ganye har gaban ƙafarsa, ƙato kamar tulu, ya fara ja ta gefe ɗaya, saura kaɗan ya nuna. Ya ɗauka ya fasa. Ɗanye ne, ba ya ciwuwa, 'ya'yan cikinsa kuma farare, ba su ƙosa ba balle a sake shukawa. Sai Na-Tsaye ya zauna a ƙasa daɓas. Ranar ce aka fara ganinsa a zaune.

"Sai me?" in ji Bilki.

"Sai ruwa ya ɗauke, baƙuwa ta sa takalmanta ta yi gaba."

"Iya, ba haka ake ƙarewa ba! A tayar da bishiyar!"

"Ni na sare ta? Je ki gaya wa mai gatari."

Umma ta sunkuyar da kai cikin tukunya, tana danne dariya. Daga waje Baba ya yi gyaran murya. Iya ta zaro masara ɗaya daga wuta ta miƙo mini, ta ce, "Wannan ta ƙone, fitar da ita waje." Na duba, ba ta ƙone ba, ita ce mafi girma, kuma ta fi sauran gasuwa. A waje kuwa mutum ɗaya ne. Na kai masa, ya karɓa ya ci.

Da gari ya waye Baba ya ɗauko adda daga bayan ƙofar soro, domin jikin gwanda ba shi da ƙwarin da za a nemo gatari. Ina biye da shi kamar mai rakiyar gawa. Muna zagaya randuna sai ya ja ya tsaya. A jikin gwandar, daidai inda hannun tsohuwa zai kai in ta yi ɗage, an ɗaura kallabi. Ba tsumma ba ne. Kallabin Iya ne na zuwa unguwa, shuɗi mai ratsin fari, wanda Baba da kansa ya yanka ya kalmashe bakinsa a kekensa, ya ba Umma ta kai mata da ƙaramar salla. An ɗaura shi tsaf, irin ɗaurin da take yi wa kanta, har da 'yar jelar nan a gefe.

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta yafa mayafi, tana duban wani wuri daban. Tsakaninta da Baba bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba.

Baba ya ce, "Nasiru, je ka tambayi Iya, ko iska ce ta kwaso mata kallabi."

Na taka na maimaita.

"Iska ta iya ɗauri? Ka ce wa mai tambaya, haka muka tashi muka ga ana yi. Namijin gwanda in aka ɗaura masa kallabi, kunya ce take kama shi ya koma mace."

Baba ya ji sarai, amma ya jira har na dawo na faɗa masa.

"Ka ce mata ta yi haƙuri, katangar ce abin ji. Ta jiƙe har ciki."

"Ka ce katanga ba fure ne ya jiƙa ta ba, wani sarkin alwala ne, ga shi nan tsaye yana kai saƙo. A hana shi. Mai adda kuwa, in sara zai yi, ga itace nan, ban riƙe hannun kowa ba. Sai dai ya fara kwance mini kallabina, kada ya ɓaci."

Wannan saƙon ban iya maimaita shi ba, kuma Baba bai nema ba. Ya tsaya yana kallon ɗaurin. A wurinmu ɗa ba ya kai hannu kan uwarsa ya tuɓe mata ɗankwali. Kallabin a jikin itace yake, gaskiya ne, amma ɗaurin nata ne, kuma tana zaune tana ji. Ya juyo ya dube ni ko zan kwance masa, na mayar da hannuwana baya. Ya dubi Umma da ke leƙowa daga kicin, nan take ta tuna ta bar koko a kan wuta. Bilki ba ta kai tsawon ba.

Sai ya yi wata 'yar gajeriyar dariya, ya sauke addar.

"Ka ce mata an ji. Zuwa ƙarshen sanyi. In bai koma macen ba, ita za ta kwance abinta da kanta."

"Ka ce Allah ya kai mu da rai."

Da addar da ya ɗauko don sara, da ita ya durƙusa ya yanka 'yar hanyar ruwa daga lungun zuwa kwatar da ke fitar da ruwa waje. Kashegari magini ya zo ya shafe gindin katangar da siminti. Ni kuma aka kafa mini doka: babu ban-ruwa sai damina ta wuce, bayan nan ma buta ɗaya da safe, ta ɓangaren da ba na katanga ba. Alwala a koma yin ta inda kowa yake yi.

Labari ya zagaya layi. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa ganin amarya, suna tambayar yaushe za a yi buɗar kai. Yara a makaranta suka sa mini ango. Iya ta koma fita unguwa da wani tsohon kallabi da ya koɗe, ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Na jikin gwandar ma rana da ruwa suka fara cinye shuɗinsa.

Lokacin kaka ya yi, na tsinke kuɓewa, Umma ta yanka ta shanya. Da sanyi ya fara shigowa na sake gwada tumatir a wani tsohon baho, ba tare da na sa rai ba, sai ga shi ya yi 'ya'ya jajawur har aka yi miya da shi. A nan na fara gane cewa wanda ya ruɓe mini da damina, lokacin ne ba nasa ba. Attaruhun nan kuwa ya gaji da tsayuwa ya bushe. Gwanda ta ci gaba da abin da ta iya: fure ya fito, ya yi ƙamshi, ya zube. Kullum da safe ina gindinta, kaina a sama. Iya takan leƙo ta ce, "Na-Tsaye, juya baya mana! Ko kai ma ba ka jin yaren ganye?"

Ana tsakiyar sanyi, Bilki ce ta fara gani. A ƙarshen ɗaya daga cikin siraran rassan nan, wani abu kore kamar ƙwan kaza yana reto. Can gefe ga wani. Ba a wuya suka fito ba kamar na mace, a rataye suke kamar guga a bakin igiya. Ɗayan ya yi rawaya ya faɗi tun yana ƙarami. Ɗayan ya riƙe. Baba ya zo ya duba, ya zagaya, ya sake dubawa, ya ce, "Ikon Allah." Sanyi ya ƙare, babu wanda ya tayar da maganar wa'adi.

Sai da bazara ta shigo sannan ya nuna. Girmansa bai wuce dunƙulen hannun Baba ba. Iya ce ta yanka, kowa ya sami ɗan yanki. Gaskiyar magana, ko kusa bai kama ƙafar gwandar da na ciri irinsa daga cikinta ba. Zaƙinsa tsaka-tsaki ne, naman kuma ba kauri. Ni dai a bakina zuma ne. Na kai wa Baba nasa a soro, ya ci, ya biyo ni har tsakar gida yana goge hannu.

"Ka ce wa Iya amarya ta yi ƙoƙari, sai dai sukari bai ji ba."

Iya tana tattara ɓawo, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ce ɗan fari ne. Ba a yabonsa."

Na juya zan kai saƙo, na ga Baba ya riga ya ba da baya, yana tafiya soro a hankali.

Shekaru da yawa bayan haka, ina aiki a gidan rediyo, aka ba ni riƙon wani shiri na manoma. Wata rana bayan mun gama ɗaukar hira da wani malamin gona, na ba shi wannan labari na tambaye shi gaskiyar lamarin. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce kallabi ba ya sauya wa itace halitta, ko na zinariya ne. Sai dai namijin gwanda, musamman in gari ya yi sanyi, yakan fitar da 'yan furanni masu iya yin ɗa, su rataye a dogon reshe kamar yadda na kwatanta. Ya ƙara da cewa namijin ba banza ba ne, domin daga furensa ƙwari ke kai wa mace abin da take bukata. Shawararsa ita ce a bar tsiro da dama su girma har su yi fure, sannan a zaɓi na bari. Na yarda da shi, kuma haka nake yi a gidana na Dukawuya, inda nake shuka a buhuna da tsofaffin bokitai. Har gobe wani ya yi, wani ya ƙi. Bana ma tsutsa ta cinye mini kabeji, karas kuma ya fito gajeru kamar yatsun jariri, amma yakuwa da kuɓewa sun ishe mu har da maƙwabta.

A aikinmu an koya mana raba abin da aka gani da abin da aka ce. Abin da na gani shi ne, kallabin bai mayar da namiji mace ba, amma ya hana adda sauka har sanyi ya zo ya yi nasa aikin. Ko Iya ta yi imani da maganar kunyar gwanda, ko kuwa ta san ɗanta ne kawai, ban tambaye ta ba. Ta rasu ina makarantar sakandare.

Tatsuniyar kuwa, na daɗe ina ɗaukarta a matsayin jan kunne ga mai gaggawa, kuma na tabbatar wa kaina cewa Baba ne Na-Tsaye. Haka nake ba wa 'ya'yana ita. Sai bayan Baba ya manyanta ya bar ɗinki, wata ranar Juma'a na je gaishe shi, hira ta kawo mu kan daren nan. Na ce masa cikin raha, "Baba, ranar fa Iya ta yi maka wankin babban bargo."

Ya ɗan murza carbi. Can ya ce, "Kai gatarin ka ji. Ni ban kai wurin gatarin ba. Tun inda ta ce duk inuwar can take karkatawa, a nan na tsaya." Ya ɗan numfasa. "Tunda ta haife ni, ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba."

Ni a zatona saboda gwandata aka shigo da baƙuwar nan a daren, kuma haka ne, domin gwandar ta tsira. Amma a kicin ɗin akwai mai jin wani labari daban a cikin kalmomin da na ji, kuma mai faɗar ta san da shi take. Tun daga ranar, in na zo wurin ganyen nan mai faɗi ina ba yara tatsuniyar, nakan rage sauri.

Ba a sare gwandar ba. Ta ƙara shekara biyu a tsaye, ba ta sake yin ɗa ba, sai iskar farkon damina ta kayar da ita wata rana da la'asar, ta faɗo tsakar gida ba ta taɓa kowa ba. A gurbinta Baba ya dasa zogale, kuma shi da kansa yake ba shi ruwa.